Gregor Mendel (1822–1884): Ɗan Manomin da Ya Gano Ƙa'idar Gadon Halitta

Makiyayan Amarawa da ke kai dabbobi kasuwar Illela sun daɗe da sanin cewa jar akuya takan haifi ɗa mai wani launi dabam, sai a ce ya ɗauko kaka. Bahaushe ya san wannan gado a aikace, amma wanda ya fara fito da lissafinsa shi ne Gregor Mendel.

An haifi Mendel a watan Yulin 1822 a ƙauyen Heinzendorf na daular Ostiriya, wanda a yau yake cikin Jamhuriyar Cek. Sunansa na yanka Johann. Mahaifinsa Anton ƙaramin manomi ne, kuma da ƙyar aka riƙe karatun yaron, har sai da ƙanwarsa Theresia ta sadaukar da wani kaso na dukiyar da aka tanadar mata ta aure. A 1843 ya shiga gidan ibada na Waliyyi Thomas da ke birnin Brno, inda aka raɗa masa suna Gregor. Shugaban gidan, Cyril Napp, mutum ne mai sha'awar sanin yadda tumaki ke gadon kyan gashi, shi ne kuma ya tura shi Jami'ar Biyana daga 1851 zuwa 1853. A can ya koyi kimiyyar lissafi da gwaji a wurin Christian Doppler, da ilimin tsirrai a wurin Franz Unger. Duk da haka, sau biyu yana zama jarrabawar malanta bai samu shaidar ba.

Daga 1856 zuwa 1863 ya duƙufa kan wani nau'in waken Turai a lambun gidan ibadar. Ya shuka kimanin tushe 28,000, yana bin siffofi bakwai, ciki har da launin ƙwaya. Da ya haɗa iri mai ruwan ɗorawa da mai kore, 'ya'yan farko duk suka fito ruwan ɗorawa. A jikoki kuwa sai kore ya dawo: ƙwaya 6,022 ruwan ɗorawa, 2,001 kore, wato uku bisa ɗaya. Daga nan ya fahimci cewa kowace siffa tana da ƙwayoyin gado biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata takan rinjayi wata, amma wadda aka rinjaya lafewa take yi, ba ta ɓacewa.

Ya gabatar da sakamakon a Brno a 1865, aka buga shi a 1866, masana ba su kula ba. A 1868 aka naɗa shi shugaban gidan ibadar, sai hidimar mulki da jayayya da hukuma kan haraji suka cinye sauran shekarunsa. Ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1884, bayan fama da ciwon ƙoda.

Sai a 1900 Hugo de Vries da Carl Correns da Erich von Tschermak suka farfaɗo da aikinsa. Bayan haka aka gwada ƙa'idar a kan dabbobi. Arnold Lang ya same ta a zanen ɓawon dodon koɗi, sannan a 1961 Paul Chanley ya nuna cewa jan zanen da ke ɓawon wata halittar teku mai ɓawo biyu, dangin makankari, ta gaɓar Amurka, shi ma haka ake gadonsa.

A ƙasar Hausa wannan lissafi ya shafi rayuka kai tsaye. Idan ma'aurata duka biyu suna da jini rukunin AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ta zuwa da cutar sikila, ko da iyayen lafiyarsu ƙalau. Wannan shi ne tushen gwajin jini kafin aure. Aikin da ke gaban manazarta Hausa shi ne daidaita kalmomin wannan ilimi, domin malamin asibiti ya iya yi wa iyaye bayaninsa da harshen da suke ji.