Abubakar Tafawa Balewa: Malamin Makarantar Da Ya Kai Ƙarar En'e Gaban Majalisa

Yawancin mutane sun san Alhaji Abubakar Tafawa Balewa a matsayin Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda hotonsa ke jikin takardar naira biyar. Amma shekaru bakwai kafin ya hau wannan kujera, yana ɗan Majalisar Dokokin Jihar Arewa mai wakiltar Lardin Bauchi, ya gabatar da wani ƙuduri wanda ya canja yadda ake mulkin talaka daga Sakkwato har Barno. Wannan aiki nasa na majalisa shi ne mabuɗin fahimtar halinsa da siyasarsa.

An haife shi a watan Disamba na 1912 a ƙasar Bauchi. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, ba basarake ba ne, yana hidima ne a gidan hakimin Lere. Saboda haka Abubakar ya tashi yana kallon sarauta daga zaure, ya san girmanta, ya kuma san nauyin da take ɗora wa na ƙasa. Bayan karatun allo da na elementare ya wuce makarantar lardi a Bauchi, sannan a 1928 ya shiga Kwalejin Katsina, wadda ta yaye yawancin shugabannin Arewa na farko. Ya gama a 1933, ya koma Makarantar Midil ta Bauchi yana koyarwa, har ya zama shugabanta. A farkon koyarwarsa ne ya rubuta littafin Shaihu Umar don gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya, labarin da ya ginu a kan zamanin cinikin bayi da wahalar wanda ba shi da mai tsaya masa.

Bauchi ta shekarun Yaƙin Duniya na Biyu gari ne mai zafin muhawara. Malam Aminu Kano na koyarwa a makaranta ɗaya da shi, Malam Sa'adu Zungur kuma na gari, ana haɗuwa a zauren tattaunawa ana yi wa hukuma tambayoyin da ba a saba yi ba. Dukansu sun ga ciwo iri ɗaya a tsarin mulki, sai dai sun bambanta wajen magani. Su biyun sun fi karkata ga tunkarar tsarin gaba da gaba, shi kuwa ya zaɓi gyara daga ciki. A 1945 ya tafi Jami'ar Landan ya yi shekara guda yana nazarin aikin koyarwa, da ya dawo aka ba shi kula da makarantun En'e.

A daidai lokacin ne tsarin mulkin Gwamna Richards ya kafa majalisu a jihohi uku na ƙasar. Arewa ta sami Majalisar Sarakuna da Majalisar Dokoki a Kaduna. Ba jama'a ke zaɓen wakilai ba a wancan lokaci, hukumomin En'e ne ke turo su, majalisar kuma ba ta wuce ba da shawara ba, ga manyan jami'an Turawa zaune a ciki suna da ƙuri'a. En'en Bauchi ta tura Malam Abubakar, daga nan kuma aka zaɓe shi ya wakilci Arewa a majalisar ƙasa da ke Legas a 1947. Wato ita hukumar da zai zo ya soka, ita ce ta ba shi kujera, ita ce kuma ke biyan sa albashi.

En'e ita ce gwamnatin da talaka ya sani. A manyan masarautu doka ta ɗauki sarki shi kaɗai a matsayin hukuma, ba dole ba ne ya bi ra'ayin 'yan majalisarsa, muddin Razdan bai hana ba. Baitulmali, 'yan doka, gidan yari da kotunan alƙalai duk suna ƙarƙashinsa. Manomi a ƙasar Gaya ko Ajingi, a gabashin Kano, ya san gwamnati ne ta hanyar mai unguwa da dagaci da hakimi, waɗanda ke ƙirga shi su karɓi haraji, su ƙirga shanun makiyayi su karɓi jangali. Kuɗin su tafi birni, shi kuwa ba shi da wurin da zai tambayi abin da aka yi da su. In an zalunce shi, ƙarar tasa za ta bi ta hannun waɗanda suka zalunce shi ne.

A watan Agusta na 1950, kwanaki kaɗan bayan an kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga watan, Malam Abubakar ya miƙe a majalisar Kaduna ya gabatar da ƙuduri. Ya nemi Gwamna ya naɗa kwamiti mai zaman kansa wanda zai binciki tsarin En'e baki ɗaya, ya kawo shawarwarin gyara shi daidai da zamani. A jawabinsa ya nuna cewa barin iko a hannun mutum ɗaya bai dace da al'adar shawara da aka gada ba, cewa Turawa ne suka ƙarfafa shi don sauƙin mulkinsu. Ya yi magana a kan cin hanci da karɓar gaisuwa, da naɗa ma'aikata don dangantaka ba don iyawa ba, da rashin horar da hakimai, da yadda aka bar talaka ba shi da bakin magana a sha'anin garinsu. Bai nemi a rushe sarauta ba. Hujjarsa ita ce sarautar da ta ƙi gyara kanta tana jawo wa kanta guguwar da ba za ta iya tarewa ba.

Maganar ta yi nauyi domin daga inda ta fito. Da ɗan adawa ne ya faɗa a dandalin kasuwa, da an ce tsaurin ido ne an wuce wurin. Amma ga ma'aikacin En'e, mai natsuwa, mai zaɓen kalma, ya faɗa a gaban Turawa da 'ya'yan sarakuna, aka rubuta a kundin majalisa. Ƙudurin ya wuce da ɗan ƙaramin rinjaye. Wasu sarakuna sun ji zafinsa ƙwarai, suka daɗe suna yi masa kallon wanda ya ci amanar gida.

Gwamnati ba ta kafa irin kwamitin da ya nema ba. Ta sa jami'anta biyu, Maddocks da Pott, suka zagaya larduna suka rubuta rahoto, sannan kwamitin haɗin gwiwa na majalisun biyu ya duba. Duk da haka sakamako ya fito. A 1952 aka soke matsayin sarki na zama hukuma shi kaɗai, aka wajabta masa aiki tare da majalisarsa. Dokar En'e ta 1954 ta tattara gyare-gyaren, ta buɗe hanyar kafa majalisun gundumomi da na ƙauyuka, da shigar da zaɓaɓɓun wakilai. Daga nan gwamnatin Kaduna ta sami ikon bin diddigin kuɗin masarautu, ikon da ta yi amfani da shi a binciken Muffett kan baitulmalin Kano, wanda ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963.

Shi kuwa mai ƙudurin, siyasa ta ɗauke shi zuwa Legas. Ya zama jigo a jam'iyyar NPC, mataimakin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Ya riƙe Ma'aikatar Ayyuka a 1952, sannan ta Sufuri, ya zama Firayim Minista a 1957. Shi ya karɓi takardun 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960, yana kuma cikin shugabannin da suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a 1963. Iya maganarsa ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya.

Sai dai gyaran da ya faro ya tsaya a rabin hanya. Jam'iyyarsa ta dogara da hakimai da dagatai wajen cin zaɓe, don haka ba ta da sha'awar rage musu ƙarfi fiye da kima. 'Yan doka, kotuna da gidajen yari suka ci gaba da zama a hannun En'e a duk tsawon Jamhuriya ta Farko, 'yan NEPU da dama kuma sun sha ɗauri da bulala ta wannan hanya, alhali mutumin da ya fara tona aibin tsarin yana shugabancin ƙasa. Wannan shi ne babban abin da masu sukarsa ke riƙe da shi, kuma suna da hujja. Sai bayan ƙirƙiro jihohi a 1967 aka karɓe waɗannan hukumomi daga masarautu, gyaran 1976 ya kafa ƙananan hukumomi irin na yau, gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi kuma ta soke haraji da jangali a Kano a 1979.

Bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sojoji sun ɗauke shi daga gidansa a Legas a daren 15 ga Janairu 1966, kwanaki kaɗan bayan ya karɓi baƙuncin taron shugabannin ƙasashe rainon Ingila kan rikicin Rodeshiya. An tsinci gawarsa bayan kusan mako guda a gefen hanyar Abekuta, aka kai shi Bauchi aka binne. Ya rasu yana da shekara 53, bai bar dukiyar da za a nuna ba.

Tambayar da ya ɗaga a 1950 har yanzu tana nan: wa ke riƙe da kuɗin gunduma, kuma a gaban wa zai yi bayani? Gaya da Ajingi yau ƙananan hukumomi ne masu kasonsu daga asusun tarayya, kuma sai a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kai tsaye ba ta hannun gwamnoni ba. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa majalisun jihohi yin dokokin ƙananan hukumomi, ya kuma ba su ikon bincike da na amincewa da kasafin kuɗi, ikon da majalisar Kaduna ba ta da shi a zamanin da malamin Bauchi ya miƙe a cikinta. Allah Ya jiƙansa da rahama.