Muhammadu Al-Katsinawi: Masanin Nahawu da Lissafi da Katsina ta Haifa, Masar ta Binne

Gabatarwa

Ni mutumin Mubi ne, kuma Hausa ba ita na sha a nono ba. A gidanmu Gude ake yi. Hausa a makaranta da kasuwa na tsince ta, tare da ɗan abin da ba a rasa ba na Fillanci. Duk wanda ya san Hausar wajenmu ya san ba mu cika damuwa da bambanta jinsin namiji da na mace ba. A shekarata ta farko a wannan sashe na miƙe a aji zan amsa tambaya, sai na mayar da riga namiji. Aji ya kwashe da dariya, har wani daga baya ya tambayi abin da ya kai mutumin Mubi neman digiri a Hausa. A daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta shawarar sauya kwas.

Abin da ya tsayar da ni bai wuce wani darasi da aka yi mana a kan ramzi ba, wato yadda marubuta waƙoƙin ajami ke ɓoye shekarar da suka yi waƙa a cikin haruffa. A nan ne malaminmu ya ambaci wani Bakatsine da ya yi rubutu a kan wannan fanni tun ƙarni na 18. Na rubuta sunan a bayan littafina, na shiga bin diddigi. Abin da na samo shi nake son in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai a wannan ɗan rubutu.

Asalinsa

Cikakken sunansa a littattafan Larabci shi ne Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi as-Sudani. Sunan kansa tarihi ne, domin ya nuna Bafillace ne, mutumin Katsina, daga ƙasashen baƙar fata. Ana kuma jingina shi ga Ɗan Ranko, wani tsohon gari na ƙasar Katsina.

Ya tashi ne a lokacin da Katsina ke tashen kasuwanci da ilimi. Fatake na shigowa daga arewa ta hamada, malamai da littattafai na biyo su. Kafin zamaninsa an yi manyan malamai irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Hasumiyar Gobarau kuwa tana nan tsaye tana shaidar wannan tsohon tarihi. Ke nan ba a fako ya tsiro ba, ƙasa mai taki ya tarar.

Mafi yawan abin da aka sani game da rayuwarsa ya zo ne daga masanin tarihin nan na Masar, Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya ware masa wuri a babban littafinsa Aja'ibul Asar. Dalilin da ya sa Bamisire ya damu da tarihin Bakatsine zai fito a gaba.

Neman Iliminsa

Al-Jabarti ya lissafa malamansa, kuma uku daga ciki sun fi jan hankalina. Na farko shi ne Muhammadu bin Sulaiman, wanda ake jingina wa Barno da Bagirmi. Masana na ganin shi ne Muhammadu al-Wali, Bafillacen malamin nan da ya mayar da sharhin tauhidi da ake yi da baka cikin Fillanci zuwa rubutaccen Larabci. Na biyu shi ne Shehu Muhammadu Bindu, wanda ya koya masa ilimin haruffa da hatimi da hisabi da sanin lokuta, bisa tsarin mutanen Magrib. Na uku shi ne Shehu Muhammadu Fodu, wanda ya lazimta kimanin shekara huɗu, a gida da kan hanya, yana karanta adabi da nahawu da sarfu.

Wannan malami na uku ya yi masa laƙabi biyu. Da farko yakan kira shi ma'abocin Maƙama, saboda yadda ya haddace Maƙamatul Hariri, littafin nan mai wuyar lugga da har gobe ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa. Da ya ƙware a nahawu kuma sai ya koma kiransa Sibawaihi.

A nan ne na tsaya na yi shiru, mai karatu. Sibawaihi, wanda ya rubuta Al-Kitab, littafin da ya zama uwa ga nahawun Larabci, ba Balarabe ba ne, mutumin Farisa ne da ya yi karatu a Basra a ƙarni na 8. Labarin da ya shahara shi ne kuskuren lahani ya yi a gaban malaminsa na hadisi aka gyara masa a bainar jama'a, shi ya sa ya ɗaura ɗamarar koyon nahawu. To ga Bafillacen Katsina, shi ma Larabci ba harshen uwarsa ba, an ba shi sunan wancan baƙon da ya zama limamin masu harshe. Tun daga ranar ban sake zancen sauya kwas ba.

Tafiya Gabas

Al-Katsinawi ya bar gida da niyyar aikin hajji. A wancan zamani tafiyar ba ta sa'o'i biyar a jirgin sama ba ce, tafiya ce ta watanni ko shekaru, a ƙafa da bisa dabbobi. Ya ratsa ƙasashe da dama, ya gana da sarakuna da malamai, yana ƙaruwa da su suna ƙaruwa da shi. Al-Jabarti ya ce har ya rubuta labarin wannan tafiya tasa. Ya yi hajji a shekarar 1142 ta Hijira, wato wajen 1730, ya zauna a Makka na wani lokaci, daga baya ya wuce Alƙahira, birnin Azhar.

A Alƙahira ya samu masauki a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, babban malamin Azhar da ya shahara a fiƙihu da lissafi da ilimin falaki. Shi kansa Hasan asalin kakanninsa daga gabashin Afirka ne, yankin Zaila. Shi ne mahaifin Abdurrahman mai tarihi.

Rubuce-rubucensa

Daga cikin littattafansa akwai Bulugul Arab a kan nahawu. Akwai Minahul Ƙuddus, waƙa ce a kan manɗiƙi, wadda shi da kansa ya yi wa sharhi. Akwai Ad-Durrul Manzum, wanda ya fara a Makka ya kammala a Alƙahira a 1146 ta Hijira. Wannan ya shafi taurari da ɗalasimai, kuma ya gina shi ne a kan wani littafi na Fakhruddin ar-Razi mai suna As-Sirrul Maktum. Sai kuma Bahjatul Afaƙ na shekarar 1732, a kan ilimin haruffa da hatimi, wanda shi ne ya jawo masa hankalin masana lissafi na zamani.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, sashen wannan ilimi malaman Musulunci sun daɗe suna jayayya a kansa, wasu ma sun hana shi ƙiri-ƙiri, musamman abin da ya shafi duba da ɗalasimai. Wannan hukunci na malamai ne, ba na ɗalibin harshe ba. Abin da ya shafe mu shi ne a ƙarƙashin hatimi akwai lissafi tsantsa, wanda kowa zai iya gwadawa da fensir da takarda ya ga gaskiyarsa.

Lissafin Hatimi

Tun ina yaro nake ganin hatimi a allunan almajirai a unguwarmu, ban taɓa zaton akwai ƙa'ida a cikinsa ba. Hatimi na lissafi shi ne a zana gidaje masu yawa ɗaya a tsaye da a kwance, a zuba lambobi ba tare da an maimaita ko ɗaya ba, ta yadda duk layin da aka tara, a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya zai bayar. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ko ta ina ka tara, 15 za ka samu. Mai gida 25 jimlar kowane layinsa 65 ce, mai gida 49 kuwa 175. Al-Katsinawi ya bayyana hanyoyin gina hatimi masu lambar mara, wato masu layi uku, biyar, bakwai da sauransu, har da hanyar da ke bin irin tsallen da doki ke yi a wasan dara na shaɗaranji.

Ga wata tsohuwar hanya da masana lissafi na ƙasashen Musulmi suka sani, mai karatu ya gwada. Sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin gidan tsakiya. Daga nan ka riƙa gangarawa a karkace, gida ɗaya ƙasa gida ɗaya dama. In ka faɗa waje ta ƙasa sai ka ɓullo ta sama, in ka faɗa ta dama sai ka ɓullo ta hagu. In ka tarar gida a cike, sai ka koma kan lambar da ka sa ta ƙarshe ka sauka gida biyu a miƙe. Da wannan ƙa'ida aka gina hatimin da ke sama, kuma da ita na gina mai gida 25 a ɗakin kwananmu, na tara na samu 65 ta ko'ina.

Wannan fanni ba wasan yara ba ne. Shahararren masanin lissafi na Turai, Leonhard Euler, ya gabatar da nasa nazarin a kan hatimi a 1776, shekara 44 bayan littafin Al-Katsinawi. Wani dangin hatimi, wanda kowace alama ke fitowa sau ɗaya tak a kowane layi, shi masu binciken aikin gona suka ɗauka tun shekarun 1920 wajen tsara gonakin gwaji, domin a gane ko iri ne ya yi kyau ko kuwa ƙasar wurin ce mai albarka. A kansa kuma aka gina wasan Sudoku.

Ramzi ma lissafi ne. A tsarin Magrib da malamanmu suka bi, kowane harafi yana da lambarsa, kuma shinun ne ke da dubu. Idan aka haɗa shinun (1000) da ƙaf (100) da nun (50) da dal (4), an samu 1154. Wannan lamba ita ce ta kai mu ga kanu na gaba.

Rasuwarsa

Al-Katsinawi ya rasu a Alƙahira a shekarar 1154 ta Hijira, daidai da 1741, a gidan mai masaukinsa Hasan al-Jabarti. Shi ya bar wa wasiccin dukiyarsa da littattafansa. Hasan ya binne shi a maƙabartar Mujawirin, inda ake binne malamai da ɗaliban Azhar, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a kan kabarin. Abdurrahman bai riske shi ba, domin an haife shi fiye da shekara goma bayan rasuwar, amma ya tashi a gidan da littattafan baƙon suke, shi ya sa ya adana mana tarihinsa. Don a gane nisan zamanin, ya rasu shekara 13 kafin haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754, kuma shekara ɗari cif kafin Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841.

A zamaninmu, marigayi Hassan Ibrahim Gwarzo ya buga nazari a kan ra'insa na ramzi a Ibadan a 1967. A 1973 kuma wata malamar lissafi 'yar Amurka, Claudia Zaslavsky, ta kawo bayanin hatiminsa a littafinta Africa Counts, bisa wani kwafin rubutun hannu da ke ajiye a Landan. Ta nan sunansa ya shiga azuzuwan lissafi na ƙasashen waje.

Kammalawa

Abu uku na ɗauka daga rayuwar wannan bawan Allah. Na farko, harshe na wanda ya yi masa hidima ne. Ba a nono kaɗai ake shan sa ba, ana haƙo shi kamar rijiya, kuma mai haƙuri shi ke tarar da ruwa. Har yanzu nakan yi tuntuɓe da jinsi, amma na daina jin kunyar a gyara mini.

Na biyu, katangar da muka gina tsakanin ɗaliban harshe da na kimiyya sabuwa ce. Mutum ɗaya ne ya haddace Maƙama, ya rubuta nahawu, ya kuma tsara ƙa'idojin hatimi. Da yawanmu mun zo wannan sashe ne muna gudun lissafi, alhali karin waƙa da muke yankawa a aruli shi kansa ƙidaya ne.

Na uku, akwai aiki a gabanmu. Rubuce-rubucen magabata na nan jibge a Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ban da waɗanda ke cikin gafakoki a gidajen malamai, gara na ci. Wanda bai iya ajami da ɗan Larabci ba, ba zai buɗe su ba. Abin kunya ne a ce ɗalibi a Amurka ya san sunan Al-Katsinawi tun 1973, ni da nake maƙwabtaka da ƙasar malaminsa sai a jami'a na fara jin sa. Shawarata ga 'yan'uwana da ke neman batun kundin digiri ita ce wani ya tattara kalmomin hisabi da hatimi da ke bakin malaman zaure, tun masu su suna raye. Ni dai na fara da tsofaffin unguwarmu a Mubi a hutun da ya wuce.

Allah ya jiƙan Malam Muhammadu Al-Katsinawi, ya sa mu amfana da abin da ya bari mai amfani, amin.