Yohanna Wesley: Mai Wa'azin da Bai San Mai Cetonsa Ba

A watan nan muna so mu ba masu karatu labarin wani bawan Allah na ƙasar Ingila, sunansa Yohanna Wesley. An haife shi a garin Epworth a shekara ta 1703. Ubansa limamin ekklesiya ne, uwarsa Susanna kuwa mace ce mai tsoron Allah, ita ta koya wa 'ya'yanta karatu da addu'a. Yana ɗan shekara 5 gobara ta kama gidansu da dare, da kyar aka fitar da shi ta taga kafin rufin ya faɗi.

Ya yi karatu a babbar makaranta ta Oxford, aka naɗa shi limami a 1728. Shi da ƙanensa Charles da waɗansu abokai suka riƙa azumi ran Laraba da ran Jumma'a, suna ziyarar 'yan kurkuku, suna ba matalauta daga ɗan abin hannunsu. Da a cikin ekklesiyarmu yake, da tuni mun sa shi cikin dattawa, ba mai gardama. Amma zuciyarsa ba ta da salama.

A 1735 ya shiga jirgin ruwa zuwa Jojiya ta Amurka domin ya kai bishara. Suna tsakiyar teku sai hadari ya taso, raƙuman ruwa suna zubowa cikin jirgi. Turawan Ingila suka yi ta kururuwa. Amma akwai waɗansu masu bi daga Jamus, ana ce da su Morabiyawa, su dai suka ci gaba da waƙar yabo, har mata da yara. Abin ya dami Wesley ƙwarai, gama shi mai wa'azi ne, ga shi kuwa yana tsoron mutuwa. Da suka sauka, wani shugabansu mai suna Spangenberg ya tambaye shi ko ya san Yesu Kristi. Ya amsa ya sani shi ne Mai Ceton duniya. Mutumin ya sāke tambaya, ko ya sani Yesu ya cece shi, shi kansa. A nan fa amsa ta yi masa wuya. Tambayar nan, 'yan'uwa, ba a amsa ta da takardar baftisma.

Aikinsa a Jojiya bai yi albarka ba, ya komo gida da baƙin ciki a farkon 1738. Ran 24 ga Mayu na shekaran nan da maraice ya tafi wani ƙaramin taro a titin Aldersgate cikin London, ba da son ransa ba ma. Wani yana karanta gabatarwar da Martin Luther ya rubuta a kan wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa. Wajen ƙarfe tara saura kwata ya ji zuciyarsa ta yi ɗumi, ya tabbata ya dogara ga Kristi kaɗai, an kuma ɗauke zunubansa, nasa na kansa. Nan take ya soma addu'a domin waɗanda suka wulakanta shi.

Kada a zaci daga ran nan shakka ba ta ƙara zuwa masa ba. Ta zo, aurensa ma bai yi daɗi ba. Azumi da aikin kirki kuwa bai bari ba, sai dai yanzu yana yinsu kamar ɗa a gidan ubansa, dā kamar bara mai tsoron kora.

Da majami'u da yawa suka hana shi wa'azi, sai ya fita fili a Bristol a 1739, masu haƙar kwal suka taru suna ji. An ƙiyasta ya yi tafiyar mil 250,000, yawanci a kan doki, ya yi wa'azi wajen sau 40,000. Ya raba masu tuba ƙungiya ƙungiya, kamar mutum 12, suna haɗuwa kowane mako, shugaba yana tambayar kowa yadda ransa yake tafiya da Ubangiji.

Kwana kaɗan kafin rasuwarsa ya aika wa Wilberforce wasiƙa, yana ƙarfafa shi kada ya gaji da yaƙi da cinikin bayi. Ya rasu a London ran 2 ga Maris 1791, yana da shekara 87.