Heinrich Hertz: Bajamushen da ya buɗe ƙofar rediyo

An haifi Heinrich Hertz a birnin Hamburg na Jamus ranar 22 ga Fabrairu, 1857. Ya yi karatu a Berlin a hannun shahararren masani Hermann von Helmholtz, ya samu digirin digirgir a 1880, sannan ya zama farfesa a Karlsruhe a 1885.

Kafin zamaninsa, James Clerk Maxwell ya nuna ta hanyar lissafi cewa lantarki na iya haifar da igiyoyi masu ratsa sarari da saurin haske. Sai dai babu wanda ya tabbatar da hakan a aikace, kuma masana sun rarrabu a kai.

Daga 1886 Hertz ya duƙufa kan wannan batu. Ya jera miƙaƙƙun wayoyi biyu kai da kai, kowace mai tsawon mita ɗaya, da 'yar rata a tsakaninsu, ya maƙala ƙwallon ƙarfe a bakin kowace. Idan caji ya taru har ya yi yawa, sai tartsatsi ya tsallake ratar, cajin ya shiga kai-komo tsakanin ɓangarorin biyu sau miliyoyi a daƙiƙa guda.

A irin wannan eriya mai hannu biyu, kwararar lantarki ta fi ƙarfi a tsakiya, caji kuwa a baki yake taruwa, domin ba shi da wurin wucewa. Lokacin da baki ya cika, kwararar takan tsaya cik kafin ta juyo, tamkar lilo da ya kai ƙarshen tafiyarsa. Wannan kai-komo ne ke watsa igiyoyi. Hertz ya kama su da zoben waya mai 'yar rata, wanda ya riƙa fitar da ƙaramin tartsatsi daga nesa, alhali babu wayar da ta haɗa su.

Ya koma Jami'ar Bonn a 1889, ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1894, yana da shekara 36, kafin Guglielmo Marconi ya fara aika saƙo da igiyoyin.

A yau da sunansa ake auna yawan kai-komon. Tashar da ke watsa shiri kusa da megahertz 100, kamar Fombina FM da ake saurara a Yola da Jimeta, tsawon igiyarta kimanin mita 3 ne, don haka eriyar da ta dace da ita takan kai kusan mita ɗaya da rabi.