Hermann Reimarus: Malamin da ya mutu da sirrinsa

An haifi Hermann Samuel Reimarus a birnin Hamburg na ƙasar Jamus ranar 22 ga watan Disamban 1694.

Ya yi karatun addinin Kirista da falsafa da harsuna a jami'o'in Jena da Wittenberg, sannan ya ziyarci Holan da Ingila, inda a lokacin ake tafka mahawara kan matsayin hankali a cikin addini.

Daga bisani ya koma Hamburg, ya shafe kimanin shekaru 40 yana koyar da Ibrananci da sauran harsunan gabas. Mutanen gari sun san shi a matsayin dattijo mai mutunci, mai zuwa coci.

Abin da akasarinsu ba su sani ba shi ne ya daɗe yana rubuta wani littafi a asirce, wanda ya taɓa ginshiƙin addinin Kirista, wato imanin cewa Yesu Almasihu ya tashi daga matattu a rana ta uku bayan gicciye shi.

Hujjojinsa

Reimarus ya ɗauki littattafan Linjila huɗu na Matiyu da Markus da Luka da Yohanna tamkar shaidu a gaban alƙali, ya gwada maganar wannan da ta wancan, ya lissafa wurare goma da ya ce sun saɓa wa juna.

Daga ciki akwai yawan mala'ikun da aka gani a kabarin, da kuma ko a Galili ne ko a Ƙudus Yesu ya bayyana ga almajiransa.

Ya kuma lura cewa Matiyu ne kaɗai ya ambaci masu gadin kabari, sannan ya yi tambaya kan dalilin da ya sa Yesu bai bayyana ga waɗanda suka yanke masa hukunci ba.

A ganinsa, burin Yesu shi ne 'yantar da Yahudawa daga mulkin Rumawa. Da hakan ya ci tura, sai almajiransa suka sace gawar, suka jira kwana 50 kafin su fara shelar tashinsa.

Bayan rasuwarsa

Reimarus ya rasu ranar 1 ga watan Maris na 1768 ba tare da ya buga littafin ba.

Marubucin nan Gotthold Lessing, wanda ke kula da ɗakin karatu na Wolfenbuttel, shi ne ya buga wasu sassa tsakanin 1774 da 1778, ya kuma sakaya sunan mai su domin kare iyalinsa.

Lamarin ya ta da ƙura. Babban limamin coci a Hamburg, Johann Goeze, ya yi wa Lessing ca, har hukuma ta hana shi ci gaba da bugawa a 1778.

Sai a 1814 ne ɗan Reimarus ya tabbatar da cewa mahaifinsa ne marubucin, kuma ba a buga littafin baki ɗayansa ba sai a 1972.

Matsayinsa a yau

Masana na ɗaukarsa a matsayin wanda ya share fagen binciken rayuwar Yesu da ma'aunin tarihi. Albert Schweitzer ma da shi ya buɗe shahararren littafinsa na 1906 kan wannan fanni.

Sai dai zargin satar gawa bai karɓu ba. Hatta masu shakka a cikin masana sun fi karkata ga cewa almajiran sun yi imani da gaske da abin da suka faɗa, ganin irin tsanantawar da suka jure. Malaman Kirista kuwa na cewa bambancin ruwayoyi alama ce ta cewa shaidun ba su haɗa baki ba.

Ra'ayinsa ya kuma sha bamban da na Musulunci. Shi ya yarda Yesu ya mutu a kan gicciye, alhali aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta kore kashe Annabi Isa (AS) da gicciye shi.

Hasali ma Reimarus ya yi imani da Mahalicci, amma bai yarda da wahayi ko mu'ujizar wani annabi ba, abin da ya raba shi da Kiristoci da Musulmi baki ɗaya.