Hans Andersen, Ɗan Baduku Mai Ba Yaran Duniya Labari

A arewacin ƙasar Turai, gaba da Jamus kaɗan, akwai wata 'yar ƙasa da ake kira Danmak. Ƙasa ce mai tsibirai da yawa, kuma mai tsananin sanyi. A bisa ɗaya daga cikin tsibiran nan akwai wani gari, sunansa Odense. A nan aka haifi Hans Christian Andersen ran 2 ga watan Afrilu, 1805.

Iyayensa talakawa ne ƙwarai. Uban baduku ne mai ɗinkin takalma, uwar kuwa wankau take yi wa masu arziki, takan wuni tsaye cikin ruwan kogi mai sanyi tana wankin tufafin mutane. Ɗaki ɗaya tak suke da shi. Nan suke kwana, nan suke dafa abinci, nan kuma uban yake ɗinkinsa. Ita uwar ta san talauci tun tana ƙarama, don iyayenta sun taɓa tura ta bara, ta kasa roƙon kowa, ta zauna ƙarƙashin wata gada ta wuni tana kuka. Ta ba ɗanta wannan labari, shi kuwa bai manta ba har ya tsufa.

Amma akwai wani abu a ɗakin nan da ba a faye samu a gidajen talakawa ba, wato littattafai. Baduku ya so ya yi karatu mai zurfi, rashin abin hannu ya hana shi. Saboda haka da dare, in ya ajiye basilla, sai ya ɗauko littafi ya karanta wa ɗansa. Kun san ɗaya daga cikin littattafan da yake karanta masa? Dare Dubu da Ɗaya ne, wanda Larabawa ke kira Alfu Laila wa Laila, shi ne dai wanda mu ma muke da shi da Hausa. Ku duba nisan Bagadaza da Danmak, amma ga labarun Bagadaza sun isa ɗakin baduku a tsakiyar ƙanƙara. Uban kuma ya sassaƙa masa 'yan tsana na itace da ɗan akwatin da zai riƙa yin wasan kwaikwayo da su. Hans yakan zauna shi kaɗai yana ɗinka musu riguna da ƙyallaye, yana sa su magana.

Yana da wata makarantar kuma. Kakarsa ita ke lura da lambun wani asibiti inda ake ajiye gajiyayyu da masu taɓin hankali. In ya bi ta can, sai ya shiga ɗakin da tsofaffin mata ke kaɗi, su yi ta yi masa tatsuniyoyin ƙasarsu, kamar yadda kakanninku ke yi muku bayan an ci tuwon dare.

A zamanin nan Turai duka ta rikice da yaƙe-yaƙen Nafoliyon na Faransa. A 1812 baduku ya shiga soja don ya sami kuɗi. Bai ko kai fagen fama ba aka yi sulhu, ya komo gida ba lafiya, ya yi ta jinya har ya rasu a 1816. Hans yana da shekara 11. Aka kai shi ma'aikatar saƙa, aka kai shi ta taba, duk bai zauna ba. Yara kuma suna yi masa dariya, don dogo ne siriri, ga dogon hanci, ga manyan ƙafafu, ga shi kullum yana cewa wata rana zai yi suna a duniya. Uwarsa ta so ya koyi ɗinki ya zama tela, shi kuwa ya ƙi. A cikin tarihin da ya rubuta na kansa ya ce har wurin wata tsohuwa mai duba uwar ta je, tsohuwar ta ce wata rana za a kunna fitilu a garin Odense duka don girmama yaron nan.

Yana da shekara 14 ya fasa asusunsa, ya ɗaura 'yan tsummokinsa, ya kama hanyar Kofanhagan, babban birnin ƙasar. Ya isa ran 6 ga Satumba, 1819, bai san kowa ba. Burinsa ya zama ɗan wasan kwaikwayo a gidan wasa na Sarki. Ya je gidan wata shahararriyar mai rawa don ta taimake shi, ya tuɓe takalmansa, ya mai da hularsa ganga, ya shiga tsalle yana waƙa a gabanta. Matar ta ɗauka mahaukaci ne, ta sa aka fitar da shi. Wani malamin waƙa mutumin Italiya, mai suna Siboni, ya ji muryarsa da daɗi ya karɓe shi, amma ba a daɗe ba muryar ta fashe kamar yadda ta kowane yaro ke yi in ya fara girma. Ya gwada rawa, aka ce jikinsa bai dace ba. Ya rubuta wasanni ya aika, aka komo masa da su, don ko rubutun kalmomi bai iya daidai ba. Shekara uku ya yi haka, yana kwana a wani ɗan ɗaki marar taga, yau ya ci gobe bai ci ba.

Ana nan, sai wani babban ma'aikacin Sarki, Jonas Collin, wanda yake cikin shugabannin gidan wasan, ya lura da shi. Ya gane yaron yana da basira, ilimi ne ba shi da shi. Ya roƙi Sarki Frederik na Shida, aka ba da kuɗin da za a sa Hans a makaranta. A 1822 aka tura shi wani gari, Slagelse.

Kada ku zaci wahala ta ƙare. Yana da shekara 17, ga tsawo, aka zaunar da shi aji ɗaya da yara 'yan shekara 11 da 12. Shugaban makarantar, Simon Meisling, masani ne na gaske, amma ba shi da tausayi. Kullum yana muzanta Hans a gaban yara, yana kiransa daƙiƙi, ya kuma hana shi rubuta waƙoƙi, abin da ya fi so a duniya. Ba bulala ce kaɗai ke yi wa yaro rauni ba. Har bayan Hans ya tsufa, sarakuna suna gayyatarsa cin abinci, yakan yi mafarkin malamin nan ya farka a firgice. A 1827 Collin ya ji abin da ake ciki, ya fitar da shi, ya samo masa malami na gida. Shekara ta kewayo ya ci jarrabawar shiga jami'a.

Daga nan ya shiga rubuce-rubuce, waƙoƙi da wasanni da labarun tafiye-tafiye. A 1833 Sarki ya ba shi guzuri ya zaga Jamus da Faransa da Italiya. Yana birnin Rum aka aiko masa cewa uwarsa ta rasu a gidan gajiyayyu na Odense. Ba ta ga ɗaukakar ɗanta ba.

A 1835 ya fitar da wani babban littafi na manya, mutane suka yaba. Cikin shekarar nan kuma ya fitar da wani ɗan ƙarami, mai labaru huɗu kacal, don yara. A ciki akwai labarin wani soja da ya sami ƙyastun tsafi, in ya ƙyasta sai karnuka masu manyan idanu su bayyana su kawo masa abin da yake so. Duk wanda ya san labarin fitilar nan ta Dare Dubu da Ɗaya zai ga sun yi kama. Akwai kuma na wata gimbiya da aka sa wa ƙwayar wake ɗaya ƙarƙashin katifa ashirin, ta kwana ba ta yi barci ba.

Masana ba su ji daɗin ɗan littafin ba. Suka ce ba haka ake rubutu ba, kuma babu wa'azi a ciki. A lokacin, littattafan yara cike suke da gargaɗi da manyan kalmomi. Shi kuwa Hans ya rubuta nasa kamar mutum yana zaune gaban yara yana ba su labari da baki, har da ƙarar tafiyar soja da kukan dabbobi. Abin da suka ɗauka aibi, ashe shi ne ƙarfin littafin. Wani abokinsa, Orsted, babban masanin kimiyya, shi ya fara ganewa. Ya gaya masa cewa babban littafin zai sa ya yi suna, amma ƙananan labarun nan su za su hana a manta da shi. Hans kansa bai yarda ba a lokacin.

Da farko tatsuniyoyin da ya ji yana yaro yake gyarawa. Wani lokaci kuma yakan ɗauko daga littattafan wasu ƙasashe. A 1837 ya fitar da labarin wani sarki mai son ado, wanda wasu 'yan damfara suka ce za su saƙa masa tufar da wawa ba ya iya gani. Suka karɓi zinariya da alharini, suka yi ta kaɗa hannu a kan kayan saƙa ba ko zare. Fadawa kowa ya ji tsoron a ce shi wawa ne, sai ya yi ta yabon tufar da bai gani ba, har sarki ya fita gari ba riga. Tushen labarin nan yana cikin wani littafin ƙasar Sifen da aka rubuta shekara 500 kafin wannan lokaci. Hans ya sāke shi, kuma har an kai takardun wurin masu ɗab'i sai ya aika a canza ƙarshen, ya sa ƙaramin yaro ne ya faɗi gaskiya a gaban jama'a. Wannan ɗan gyara shi ya sa labarin ya zama nasa.

Daga baya ya daina aro, ya koma ƙago nasa, yawancinsu daga abin da ya gani da idonsa. Labarin yarinyar nan mai tallar ashana, wadda sanyi ya kashe a bakin titi, ya rubuta shi yana tuna uwarsa a ƙarƙashin gada. A 1843 ya fitar da wanda ya fi duka shahara, na wani ɗan tsako da agwagwa ta ƙyanƙyashe, babba, mummuna, kowa a gidan yana tsattsagarsa har ya gudu. Ya sha sanyi da yunwa, da bazara ta zo ya duba fuskarsa a ruwa, ashe shi ba agwagwa ba ne, wani babban tsuntsun ruwa ne fari fat mai dogon wuya, wanda Turawa ke kira suwan. Ba sai an gaya muku wanda yake nufi ba. Labarunsa ba duka ke ƙarewa da murna ba, waɗansu sukan sa mutum hawaye, don bai yarda a ɓoye wa yara cewa akwai baƙin ciki a duniya ba. Kafin ya rasu ya rubuta fiye da 150.

Aka juya su da Jamusanci, a 1846 aka juya su da Ingilishi, suka yi ta bazuwa. Shi ma ya zama matafiyi. Ya fita ƙasarsu kusan sau talatin. Ya je Santambul a 1841, ya je Ingila sau biyu inda ya sadu da marubucinsu Charles Dickens, a 1862 kuma ya ƙetaro teku ya taka ƙasar Afirka a birnin Tanja na Maroko. Duk da haka matsoraci ne. Kullum akwai doguwar igiya cikin akwatinsa, wai ko gobara ta tashi a masauki ya zuro ta taga. Yana kuma da saurin fushi in an kushe aikinsa, da son yabo fiye da kima. Bai taɓa aure ba, bai kuma gina gidan kansa ba. Amma in ya sauka gidan da ke da yara, sai ya ɗauko almakashi da takarda, yana ba da labari yana yanka, in labari ya ƙare ya buɗe takardar, sai ga tsuntsaye da masu rawa da gidajen sarauta.

A watan Disamba na 1867 mutanen Odense suka kira shi gida don su girmama shi. Aka rufe makarantu, da dare aka kunna fitilu a garin, jama'a suka taru ƙofar majalisa suna yi masa waƙa. Ɗan wankau ya tsaya bakin taga yana kallonsu. Sai dai a daren nan ciwon haƙori ya hana shi sakat, iska mai sanyi kuma tana ƙara masa zafi.

Ya rasu ran 4 ga Agusta, 1875, a gidan wasu abokansa kusa da Kofanhagan, yana da shekara 70. Sarkin Danmak da kansa ya halarci jana'izarsa.

Yanzu an juya labarunsa cikin harsuna fiye da 100. Mu ma sun iso mu, don masu binciken Magana Jari Ce sun nuna cewa cikin littattafan da Alhaji Abubakar Imam ya duba sa'ad da yake rubuta shi har da na Andersen, ya ɗauki kaɗan ya sa musu rigar Hausa. A 1953 aka kafa wata ƙungiya ta duniya a ƙasar Suwizalan don yaran kowace ƙasa su sami karanta littattafan yaran wasu ƙasashe. Tun daga 1956, bayan kowace shekara biyu, takan zaɓi gwanin rubuta littattafan yara, ko daga wace ƙasa yake, ta ba shi lambar zinariya mai hoton Andersen. Tun 1967 kuma aka mai da ranar haihuwarsa, 2 ga Afrilu, ranar littattafan yara ta duniya. A garin Odense akwai gidan tarihi da aka yi dominsa, inda aka adana littattafansa da takardun da ya yanka wa yara, har da igiyar nan tasa.