Ibn Abi Zaid: Malamin Ƙairawan da ya koya wa yara hukuncin jini da rauni

A zaurukan karatu na Gaya da Ajingi, kamar sauran ƙasar Kano, almajirin da ya sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya yakan ɗauki Risala. Marubucinta, Abu Muhammad Abdullahi ibn Abi Zaid, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba.

An haife shi a Ƙairawan, cikin Tunisiya ta yau, a shekarar 922 Miladiyya, ya rasu a 996. Ya rayu a zamanin da daular Faɗimiyya ta 'yan Shi'a ke mulkin yankin, malaman Malikiyya suna cikin matsi. Saboda zurfin iliminsa aka yi masa laƙabi da Maliku Ƙarami. Babban littafinsa shi ne Annawadir Wazziyadat, amma Risala, wadda ya rubuta domin koyar da yara, ita ce ta ratsa Sahara.

A babin jini, ya bayyana cewa diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Kowane yatsa raƙuma 10 ne, haƙori 5. Ba a yanke hukuncin rauni sai ya warke, domin a san iyakar ɓarnar. Idan kuskure ne, kuma diyyar ta kai sulusi, dangin mai laifi na wajen uba ne ke biya. Mai hawan dabba, ko mai janta, ko mai korarta, shi ke da alhakin abin da ta taka. Gonar da dabbobi suka ci da dare kuwa, masu dabbobin ne za su biya.

Ba Musulmi kaɗai suka tsara irin wannan ba. Littafin Mishna na Yahudawa ya wajabta wa wanda ya raunata wani biyan abubuwa 5: naƙasa, zafin ciwo, kuɗin magani, aikin da ya tsaya, da tozarci.

A ƙasar da manomi da makiyayi ke maƙwabtaka, darasin Ibn Abi Zaid bai tsufa ba: ɓarna tana da mai ɗaukar nauyinta, tana kuma da ma'auni, kuma alƙali ne ke aunawa, ba wanda fushi ya ɗebe shi ba.